Injin Labaran Mai Gajeriyar Ƙafa

Jama'ata, masu kirki da 'yan sa-ido, salamu alaikum! Ku ajiye cokali, yau na zo muku da labari mai zafi daga unguwar Abu Hail ta Dubai, har da ruwan gishiri a ciki.

Akwai wani mai suna Labaran, ɗan Fagge ne, shekararsa tara a Dubai yana harkar kago. Mutumin nan in ya kalli kwali sau ɗaya, zai faɗa maka guda nawa za su shiga kwantena. Bana Allah ya buɗa masa, sai ya sayi sabon jirgin ruwa, ɗan madaidaici, fari tas, amma babu inji, shi zai zaɓa. Tun ba a kawo jirgin ba ya yi wa matarsa Sauda alkawari cewa sunanta za a rubuta a jiki, da manyan baƙaƙe.

To akwai Dikko, maƙwabcinsa, mutumin Yawuri, ma'aikacin asibiti. Shi duk Asabar yana teku da jirginsa mai ƙyalle, wanda iska ke turawa.

"Malam Dikko," in ji Labaran, "kai da ka shanya zanin gado kana jiran iska ta ga dama, har kana kiran kanka direba?"

"Ɗan Kano, ruwan da ka sani na Tiga ne, shi ma daga cikin mota ka leƙa."

Nan fa aka ƙulla. Tsere ranar Asabar, daga bakin Mamzar zuwa jar alamar nan da ke yawo a ruwa, a dawo. Wanda ya ci, shi zai raɗa wa jirgin ɗan'uwansa suna, kuma dole a rubuta da fenti. Labaran ya miƙa hannu yana dariya. Inji da ƙyalle? Khalas, an gama!

Washegari ya faɗa wani sito a Al Qusais. Injuna jere kamar raguna a kara. Aka tsoma masa ɗaya a durom na ruwa aka tayar. Wuuum! Sai da kwanon rufi ya amsa.

"Ƙarfin doki nawa?" in ji Labaran.

"Ɗari biyu, habibi," in ji mai siton. "Amma iri biyu ne. Mai doguwar ƙafa ko mai gajeriya?"

Labaran ya dubi kwalayen biyu. Ƙarfi ɗaya, ƙara ɗaya, amma kwalin ɗaya ya fi ƙanƙanta. Shekara tara fa yana wannan sana'a, kuma a wurin ɗan kago, kaya biyu in sun zo daidai, wanda bai cin wuri shi ne kaya. Ko tunani bai yi ba.

"Gajeren. Yalla, a ɗaure!"

Da Dikko ya ji, sai ya ce, "Ka dai auna tsayin bayan jirgin kafin ka saya ko?"

"Ka ji shi! Tsoro ya fara." Labaran ya kira wani bakaniken mota a Al Warsan ya ɗaura masa.

Ranar Asabar da hantsi 'yan kago suka cika bakin ruwa, kowa waya a sama. Sauda na tsaye da 'yar jakarta, tana murmushin matar mai jirgi. Labaran ya sa baƙin tabarau, ya murɗa. Jirgi ya zabura, ya bar Dikko yana warware igiya. Ihu! "Sai Labaran! Fagge ta gaishe ka!" Labaran ya juyo ya ɗaga wa Dikko hannu, ya ƙara wuta.

Ana fita fili, igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin. Sai inji ya kwarma wani irin ihu, jirgi kuwa ya rage gudu. Ya ƙara wuta, ihu ya ƙaru, tafiya babu. Ya leƙa baya. Farfela tana waje, tana yanka iska tana watsa kumfa! Ƙafar ba ta kai ruwa sosai ba. Kafin ya ce innalillahi, inji ya ɗau zafi, ya yi ƙara uku, ya mutu.

Shiru. Sai ga farin ƙyalle tafe a hankali, ko tari babu. Dikko ya wuce shi, ya zagaya jar alamar, ya dawo, ya wurgo igiya.

"Kama, ɗan Kano. Zanin gado ya zo ɗaukarka."

Haka aka jawo doki ɗari biyu har gaɓa, wayoyi na ɗauka.

"Suna! Suna!" in ji jama'a.

Dikko ya gyara murya. "Abu mai ƙara daga inda yake, ba ya zuwa ko'ina? Janareta."

Labaran ya ji kamar ya koma ruwa. Ya matso kusa da shi. "Haba Malam Dikko, don Allah. Na yi wa Hajiya alkawari."

Dikko ya ɗan yi laushi, ya dubi Sauda. "To, in Hajiya na so, na janye."

Sauda ta kalli jirgin, ta kalli igiyar da ke wuyansa har yanzu. "A'a, Malam Dikko, bar shi. Ni ba a rubuta sunana a jikin abin da aka jawo da igiya."

Yanzu haka an canza inji, mai doguwar ƙafa, jirgi na gudu kamar ya tashi sama. Amma a jikinsa, da jan fenti, JANARETA.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, da ku ne Labaran, za ku bar sunan, ko za ku sake neman Dikko a koma ruwa?