Ƙaguwar Adawiyya

Shekara goma sha ɗaya Malam Hambali yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kabo, kullum a kan babur daga Gwarzo. Shi ya koya wa ƙanwarsa Adawiyya zanen kifi da kwaɗo tun tana firamare. Amma ita ce ta samu gurbin karatu a Norway, inda ta yi shekara huɗu tana bin jirgin ruwa don nazarin wata ƙatuwar ƙaguwa ta ruwan sanyi, wadda ake kira sarkin ƙaguwa, har ta samu digirin dakta.

Da ta zo hutu, gidan ya cika. Inna ta hana kowa sakat da hotunanta. A masallaci ma sai a ce da shi, "Malam, ashe kai ne yayan Dakta?" Sai ya yi murmushin yaƙe.

Shugaban makarantarsu ya matsa sai ya kawo ta ta yi wa ɗalibai jawabi. Ranar Laraba ya goyo ta a babur har makarantar.

Ta tsaya gaban allonsa, da allinsa a hannu, ta zana taswira. Ta ce ƙaguwar iri-iri ce: akwai ja, akwai shuɗiya, akwai mai ruwan zinariya da ke can ƙasan teku mai zurfi. Jar asalinta tsakanin Rasha da Alaska take, mutane ne suka kwaso ta suka zuba a tekun arewacin Turai, ta yaɗu har Norway. Sannan ta ciro busasshen ƙoƙon bayan wata daga kwali, faɗinsa ya kai na faranti. Ɗaliban da ke gyangyaɗi a darasinsa har hawa benci suke yi.

Hambali ya ƙura wa hoton ƙaguwar da ta manna a allo ido, ya ƙirga ƙafafu. Murna ta kama shi. Ya miƙe.

"Dakta," ya ce, yana jan kalmar, "ƙaguwa ƙafa goma gare ta har da almakashin. Wannan takwas nake gani. Ko dai an sayar muku da wani abu ne daban?"

Adawiyya ta tafa hannu.

"Wallahi Yaya ka gano! Biyun ƙanana ne, a ɓoye suke ƙarƙashin ƙoƙon. Shi ya sa masana ba sa jera ta cikin ƙaguwa ta ainihi. Danginta su ne masu fakewa cikin gidan dodon koɗi. Ni sai da na yi wata guda a can kafin na lura."

Aka tafa. Shugaban makaranta ya ce, "Kun ji ilimi a bakin Dakta!"

A hanyar komawa, daidai wata gonar dawa, ta ce, "Yaya, a jami'armu suna neman masu karatu bana. In turo maka takardun?"

"Wa zai kula da Inna?"

"Ai matarka Asiya tana gida."

"Ni sanyi ba ya yi mini," ya ce, ya ƙara wuta.

Bayan ta koma ta turo takardun ta waya. Ya buɗe su sau uku a ɗakin malamai, ya karanta har ƙarshe. Wa'adin cike su ya wuce ranar wata Juma'a, yana gona ana yankan dawa.