Baƙuwar Goggo

Akwai ɗigon koren fenti a gwiwar hannun Goggo, ƙanwar babana. Ɗakin da 'ya'yanta suka bari ta shafe da kanta, saboda baƙuwa.

Ƙungiyar unguwarmu ce ta ƙulla zumunci da wata unguwa a ƙasar waje. Babu ruwan gwamnati, babu otal. Masu sana'arsu za su zo, kowane gida ya ɗauki baƙo ɗaya, baɗi mu ma mu je musu. Ni aka sa tafinta don na yi jami'a, ni da ko sallama sai an ce in ɗaga murya.

Tun safe layin ya rikice. Mai Aski ya goge madubinsa har ya tsage. Anti Tela, maƙwabciyar Goggo kuma abokiyar tsokanarta, ta fito cikin sabon ɗinki tana taku ɗai-ɗai.

"Goggo, kin buɗe taga kuwa? Kar warin fenti ya sumar mana da 'yar mutane."

"Ke dai ki kwashe allurai daga kujerunki, kar ta zauna ta tashi da waƙa."

Da motar ta tsaya, aka yi caa. Kowa na jan akwati, ana gaisuwa da hannu da ka da haƙora. Mai Aski ya rungume direba, ya ɗauka baƙonsa ne. Ina fassara, dariya na cinye rabin maganar.

Sai jagoran baƙin ya raɗa mini cewa mai saƙar da aka ba Goggo ba ta zo ba, jikarta ta haihu.

Goggo na tsaye bakin ƙofarta, tana leƙen cikin motar da ta riga ta zama fanko.

"'Yar nan, tawa fa? Ko barci take?"

Na faɗa a hankali, amma Anti Tela ta ji. Tana riƙe da hannun tata baƙuwar, wata 'yar tsohuwa mai rini, yatsunta shuɗaye. Anti Tela ta dubi gwiwar hannun Goggo. Ta jawo tsohuwar har bakin ƙofar Goggo, ta ajiye akwatin tsohuwar a dokin ƙofar.

Tsohuwar ta nuna koren fentin, ta ɗaga shuɗayen yatsunta, ta fashe da dariya. Goggo ma ta kama, har da riƙe ciki.

Da na waiga, Anti Tela ta kai ƙofar shagonta, ita kaɗai. Ta shiga, ta saki labule.