Dutsen da Ba na Maiwada Ba

Ranar Asabar aka karɓe jakar duwatsu daga hannun Micah, bayan shekara shida tana rataye a ɗakinsa. Kwamitin ƙungiyar 'yan dara ta Unguwar Tsamiya, wani ƙauye a yankin Kafur, bai ce ya yi sata ba. Cewa aka yi sai an bincika.

Mutum biyu suka kafa ƙungiyar a 1988: Maiwada maƙeri da Jonah, mahaifin Micah. Gurabe talatin suka tona a gindin tsamiya. Maiwada na wasa da duwatsu goma sha biyu da ya tsinto a rafi, Jonah da guntayen kara. Yau mambobi sun haura sittin, akwai rumfar kwano da daɓen siminti, kuma duk bayan girbi 'yan Mahuta da Dandume kan hau babura su zo gasa. Abu ɗaya ne bai sake ba: da duwatsun Maiwada ake buga wasan ƙarshe. Jonah ya riƙe su bayan rasuwar Maiwada. Da shi ma ya rasu, aka ba ɗansa.

Bana Micah ya zazzage jakar a gaban jama'a, goma sha biyu cif. Sai Malam Hussaini, dattijon ƙungiyar, wanda ido ya yi wa rauni har da lalube yake wasa, ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa. A na tara ya tsaya.

"Wannan ba na Maiwada ba ne."

"Baba, dutse ai dutse ne," in ji wani ɗan Mahuta.

"A garinku ba. Shi ya sa kullum ake cinye ku." Aka bushe da dariya, ban da Micah. Tsohon ya juyo gare shi. "Na Maiwada hannu ya cinye su, sun yi santsi. Wannan da kaushi. Ɗan Jonah, ina na gasken?"

"Baba, ko matata ba ta taɓa buɗe jakar nan ba."

Nan take Talha, sakataren ƙungiya kuma surukin Hussaini, ya ce a ajiye jakar a wurinsa. Ya kwance wani akwati mai kwado daga bayan babur ɗinsa. Micah ya lura da wannan: da akwatin Talha ya zo tun kafin a zazzage jakar.

A gida matarsa Elizabeth na sheƙar masara. Ta saurare shi ba ta ajiye faifan ba.

"Ka manta ranar jana'izar Baba? Malam Hussaini ya sunkuya kan akwatin gawa, wai sallama da abokin wasa. Hannunsa a dunƙule ya shiga, a buɗe ya fito."

Micah ya tuna. Ya kuma tuna da mahaifinsa ya rasu, a wurin Hussaini jakar ta kwana bakwai kafin a miƙa wa Micah. Gasa biyar aka yi tun daga nan, a kowacce tsohon ya shafa duwatsun, bai taɓa cewa an sauya ko ɗaya ba.

Da safe Micah ya sami Hussaini a zaure.

"Baba, me ka sa a akwatin gawar babana?"

Hussaini ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi. "Je ka tambaye shi."

Kwamitin zai zauna ranar Asabar mai zuwa, Talha ne zai rubuta abin da aka yanke. Kabarin Jonah yana bayan coci, an daɓe shi da siminti. Har yanzu babu wanda ya ce ya ga abin da ke cikin hannun Hussaini ran nan.