Ganyen da Tela Ya Ƙona

Ɗayyabu mai kilishi bai san ya yi ɓarna ba sai da 'yarsa Murja ta tsaya gaban teburinsa a Tudun Wada, riƙe da littafin da aka yage wa ciki.

"Baba, na laburare ne fa. In na mayar da shi haka, karɓe katina za su yi."

Da safe ya tsinci littafin kusa da tsofaffin takardun da yake naɗe kilishi, ya ɗauka nasu ne, ya ciro ganye huɗu. Ya kuwa san darajar katin nan. Gidansa ɗaki biyu ne da yara bakwai. A laburare kaɗai Murja ke samun shiru ta karanta, ta kuma rubuta labaranta.

Ya rufe kilishinsa, ya bi waɗanda suka saya ɗaya bayan ɗaya. Ya tono ganye biyu a sharar wani kanti, ya karɓo ɗaya wajen mai faci. Na huɗun yana wajen Sodangi tela.

"Nama ka sai man ko karatu?" in ji Sodangi yana dariya. "Ni dai na hura gawayin guga da shi."

Washegari Ɗayyabu ya sa rigar Juma'a, ya kai littafin da katin Murja laburare, ya shimfiɗa ganye uku masu naso a gaban Malama Ummulkhairi, mai kula da littattafai.

"Malama, laihina ne, ba na ɗiyata ba. Ki bar mata katinta."

Ta sansana takardun. "Wanga littafi ya riga ni cin kilishi. Amma ba na karɓar shi da giɓi. Akwai irinsa da ba a fita da shi, sai dai babu wutar da za a yi fotokwafi."

"A ba ni biro," in ji Ɗayyabu.

Karatunsa a firamare ya tsaya. Ya zauna cikin ɗalibai yana kwafe ganyen da aka ƙona, yana bin harafi da yatsa, gumi na bin wuyansa. Tun hantsi sai la'asar ya gama, gaba da baya, ba abin da ya tayar da shi sai salla.

Malama ta duba layi-layi, ta gyara kalma biyu, ta manna ganyen a gurbinsa. Sannan ta miƙa masa katin Murja.

Ya sa shi a aljihu ya dafe, amma bai tafi ba.

"Malama, matar nan da jirgin ruwansu ya kife a ƙasan shafin, ta fito kuwa?"

Ta turo masa littafin. "Kujerarka na nan."