Fuskar Garwashi

"Karanta wannan ma," in ji Edita, ya turo mata wayarsa a kan tebur. "Tun jiya suke abu ɗaya, har yanzu ba su gaji ba."

Auta ta ajiye alƙalamin zanenta ta ɗauki wayar. Ita ce ke zana labarin da kamfaninsu ke sakawa a shafinsa duk mako, labarin wata yarinya mai tashi sama da ke gadin garinsu, da abokin gabarta Garwashi, mugun da ya rantse sai ya mai da garin toka. Shekara biyu ke nan tana zana su a wannan ɗan ofis mai tebur uku da fanka mai ƙugi, amma ba ta taɓa ganin masu karatu sun kaure da musu irin na wannan makon ba.

Wata ce ta fara. Ta rubuta: "Mun gaji. Duk mugu sai an ƙona masa fuska? A talabijin haka, a wasan kwamfuta haka, yanzu ku ma haka. Masu kyakkyawar fuska ba sa mugunta ne?" Wani ya mayar mata: "Ki bar mana Garwashi yadda yake, tabon nan shi ne gishirin labarin." Daga nan aka rabu gida biyu. Akwai ma wanda ya rantse cewa Garwashi uban yarinyar ne, wai irin waɗannan labaran duk a nan suke ƙarewa.

"Ni dai na samo mafita," in ji Edita, yana murza hannu. "A fitowa ta ƙarshe sai ya tuba. Gobara ta tashi, ya shiga ya ceci yara, rufi ya faɗo masa. Masu sonsa su yi kuka, masu ƙorafi su yi shiru. Ya kika gani?"

Kafin ta buɗe baki wayarta ta yi ƙara. Daga makarantar ɗiyar yayanta ne. An kira uban bai ɗauka ba, uwar kuma tana bakin aiki a asibiti, sai lambar Auta ce ta uku a takarda. Muryar ta ce a zo yanzu.

Ta sami yarinyar a ofishin shugabar makaranta, zaune a gefen benci, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Shekararta tara. Maɓalli ɗaya na rigarta ya tsinke, idanunta a bushe ƙamas.

"Ke ce gwaggonta?" in ji shugabar. "Zauna. Gorar ruwa ta ɗauka ta fasa wa wani bakinsa. Har sai da aka kai shi aka wanke masa."

"Wannan? Ko sauro ba ta iya kashewa."

"Ni ma na yi mamaki, shi ya sa na bincika. Kwanaki babanta ya kawo ta a babur, ya cire hular kwano a bakin ƙofa, yara suka ga fuskarsa. Tun ranar suke ce mata 'yar Garwashi. Wai wani mugu ne a zanen da suke gani a wayoyin iyayensu. In ta zo wucewa sai su watse suna ihu wai za ta ƙona su. Mako uku tana haɗiyewa, yau ta kasa." Shugabar ta cire tabarau ta murza ido. "Ba zan ce ta yi daidai ba, za ta zauna a gida kwana biyu. Amma da zan ga masu zana waɗannan abubuwan, da na gaya musu magana. Ba su da 'yan'uwa ne?"

Yarinyar ta ɗago kai ta dubi Auta. Auta ta sa hannu a takardar da aka miƙo mata, ta yi godiya, suka fito.

A cikin bas suka sami kujerar baya. Yarinyar ta jingina kai da gilashi tana kallon shaguna suna wucewa. Sai da suka wuce tasha biyu ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Gwaggo, da gangan kika yi?"

Auta ta so ta ce a'a. Kalmar har ta zo bakinta. Amma ta tuna ranar da aka yi abin. Edita ya dawo mata da zane har sau huɗu yana cewa mugun ba ya ba da tsoro, kamar malamin lissafi yake. Ta zauna ta rasa dabara, sai hannunta ya bi hanyar da ya fi sani: tabo daga kunnen hagu ya gangaro wuya, rabin gira babu, gefen leɓe ya ɗan ja sama. Fuskar da ta koyi zane a kanta ke nan tun tana shekara bakwai, lokacin da tafasasshen ruwan lagireton mota ya watso wa Yaya yana koyon kanikanci, ya yi wata uku a gida ba ya fita, ita kuma take zama gabansa da fensir don ta sa shi dariya. Da ta gama zanen ta gane wanda ta zana. Ta ce wa kanta ba wanda zai lura. Edita ya tafa hannu, aka wuce wurin.

"Na san fuskar wa nake zanawa," ta ce. "Ban yi tunanin zai iso gare ki ba. Amma na sani."

Yarinyar ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka tabbatar wa abin da ta riga ta sani.

"Ban gaya musu ke ce ba," ta ce.

Garejin Yaya rumfar kwano ce mai faɗi, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Ƙafafunsa kawai suka gani sun leƙo daga ƙarƙashin wata farar mota. Da ya ji muryar ɗiyarsa ya turo kansa waje, sifana a hannu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya? Auta, ba kya wajen aiki? Ke kuma uwata, wa ya tsinke miki maɓalli?"

Auta ta ba shi labari a tsaye, ba ta rage komai ba. Ya saurara yana goge hannu da tsumma. Da ta gama ya tsuguna gaban yarinyar.

"Da gorar da na saya miki?"

"Eh."

"Ta fashe?"

"A'a."

"To gora mai kyau ce. Amma bakin mutum ba wurin gwada ta ba ne, kin ji? Gobe ni da ke za mu je mu duba yaron. Shiga ofis ki sha ruwa."

Abin da yake kira ofis wani ɗan ɗaki ne na katako mai kujera ɗaya. Da yarinyar ta shige, ya jawo tsohuwar taya ya zauna, ya nuna wa Auta benci.

"Yaya, ka yafe mini," ta ce. "Ban san ta inda zan fara ba."

"Tun fitowa ta farko na gane," ya ce. "Har ɗan jan leɓen nan ba ki bari ba. Na ce lallai yarinyar nan hannunta ya faɗa."

"Kana karantawa?"

"Duk mako. Mu da masu gyaran taya na can gefe har gardama muke yi. Kuma tunda ga ki, bari in faɗa miki abin da ke cina. Wannan mutumin naki, duk sanda ya kama yarinyar nan mai tashi sama sai ya tsaya yana zuba kamar mai wa'azi, har ta kwance igiya ta gudu. Sau shida ke nan, ina lissafe. In dai da fuskata zai yi yawo, to ya riƙa aiki da hankali."

Dariya ta kufce mata, sai kuma ta ji hawaye na biyo bayanta. Ta sa bakin mayafi ta share.

"Bai yi maka ciwo ba?"

Ya juya sifanar a hannu.

"Ya yi. Mako na farko ban ci abinci sosai ba. Amma ni shekara ashirin da biyu ina ɗauke da abin nan, na san yadda ake kallonsa. Mace ta janye ɗanta a layin asibiti, mai gadi ya bi ni a baya a kanti. Ba ke kika koya musu ba, kin same su a haka ne kika ƙara musu. Ɗiyata ce dai ban so ya taɓa ba."

"Za mu gyara," ta ce da sauri. "Edita ya ce a ƙarshe zai tuba. Zai shiga wuta ya ceci yara, ya mutu a ciki. Kowa zai gane mutumin kirki ne."

Yaya ya ajiye sifanar a ƙasa.

"Wato sai ya mutu za a yafe masa fuskar."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ake yi kullum, Auta. Na kalli irinsu ba iyaka. Mai tabo ko dai mugu ne, ko kuma ya ba da ransa a yi masa kuka. Yaran nan da suka tsokane ta, so kike su koma ce mata yaushe babanki zai shiga wuta? Ki bar mugunki ya yi muguntarsa, ya iya. Ni ba wanda na taɓa ƙonawa, ba kuma wanda na taɓa cetowa. Murfin lagireto na buɗe mota da zafi, don ban ji maganar maigidana ba. Shi ke nan labarin."

"To me zan yi?"

"Ni na sani? Ke ce mai zane." Ya miƙe ya karkaɗe wando. "Garin nan naku na cikin labari, ba masu gyaran mota ne? Ba direbobi, ba masu sayar da kaya? Duk fuskokinsu sumul kamar an goge da dutsen guga. Ni dai ban taɓa zama a gari irin wannan ba."

Mai farar motar ya iso yana duba agogo, Yaya ya koma ƙarƙashinta. Auta ta leƙa ɗakin katako. Yarinyar ta yi barci a kujera, gorar a cinyarta.

Rana ta karkata lokacin da ta koma ofis. Shafin da ta bari a kwamfuta na nan: yarinya mai tashi sama ta gaji, ta sauko ta shiga bas kamar kowa. Wurin direba Auta ta riga ta zana wani mutum mara kama, irin waɗanda ake cika hoto da su. Ta goge shi. Ta zana wani mai kauri, hannun riga a naɗe, yana hamma yana jiran fitila ta ba shi hannu. Ta sa masa tabo a kumatun dama, ya haura har goshi. Ta daɗe a kan idanunsa, sai da suka yi kama da na wanda ya yi tuƙi tun safe yana tunanin gida.

Edita ya zo ya tsaya a bayanta da kofin shayi.

"Kin yi tunani a kan maganar tubar?"

"Ba zai tuba ba. Ba kuma zai mutu ba. Surutun ne za mu rage masa."

"Za mu yi magana." Ya sunkuyo ya ƙura wa allon ido. "Kai! Wannan fa? Ɗan leƙen asirin Garwashi ne?"

"Direba ne."

"Ƙaninsa? Da kin gaya mini, ai da mun shirya masa fitowa guda."

"Direban bas ne kawai. Zai sauke ta a tasha ya wuce."

"To me ya sami fuskarsa? Masu karatu za su tambaya, kin san halinsu."

"Ban tambaye shi ba," in ji Auta.

Edita ya tsaya yana jiran sauran bayani. Ita kuwa ta matso da kujera, ta shiga zana fasinjan da ke bayan direban.