Shafi Biyu Don Tela

Mu alƙalai uku ne a kan ƙarar da wani tela ya ɗaukaka, kuma tun ranar da muka zauna shawara na san ni kaɗai ce a gefena. Shekara goma sha biyar kotun farko ta yanke masa kan fashi, bisa shaidar mutum ɗaya da ya ce ƙeyarsa ya hango. Ƙeya fa! Abokan aikina biyu suka ce hukunci ya tsaya. Ni na ce a sake shi.

Babbanmu, wanda a bayan idonsa muke kira Dogon Zance, ya rubuta hukuncinsa shafi saba'in da huɗu. Jimlarsa ɗaya sai ka nemi ruwan sha kafin ka kai ƙarshenta.

Nawa ma da farko shafi talatin ne. Kwana huɗu na rufe ofis ina yankewa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. A gidan nan idan ka saɓa wa babba, ko shayin rana kai kaɗai za ka sha, kuma kaɗaicin ya dame ni fiye da yadda na zata.

Mai buga min takardu ta juya abin da ya rage gaba da baya.

"Ranki ya daɗe, ina sauran?"

"Shi ke nan."

"Shafi biyu? Ai wannan wasiƙa ce."

"Wasiƙar ce. Telan nake so ya gane, ba lauyansa ba."

Ranar hukunci Dogon Zance ya yi awa biyu yana karatu. Telan na tsaye a akwatin masu laifi yana bin fankar sama da ido. Inda aka kori ƙararsa ma bai ji ba, don an binne maganar a cikin sunayen tsofaffin shari'o'i. Na biyunmu ya ce ya yarda da ɗan'uwansa, ya rufe baki.

Sai ni. Na karanta a hankali: "Ba a ɗaure mutum don ƙeyarsa ta yi kama da ta wani. Shaidar nan ba ta isa ba. A ra'ayina, wannan bawan Allah ya koma gida yau."

Telan ya juya baya da sauri. "Inna! Kin ji? Gida!"

Wata tsohuwa ta miƙe a bencin ƙarshe, tana dariya tana hawaye. A duk zaman nan, abu ɗaya tak suka fahimta, kuma shi ne wanda ba ya aiki.

Lauyansa ya matsa yana masa raɗa, ya ɗaga yatsu biyu, sannan ɗaya: alƙalai biyu sun rinjayi ɗaya. Gandiroba ya zaro ankwa.

Telan bai dubi Dogon Zance ba. Ni ya duba.

"Ranki ya daɗe, ba ke kika ce ba?"

Doka ba ta ba ni damar amsa masa ba. Muka miƙe, muka rusuna, muka fita a jere, ni ce ta ƙarshe.