Wushiryar Sabo

Ina tsakiyar auna wa wata mata leshi a shagona da ke Birnin Kudu sai ga kiran Gwaggo A'i. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ba ta san kewaye-kewaye ba.

"Ikilima, ajiye abin da kike yi ki taho gida Sara. Jikin Inna ya rikice. Tun safe take kiran mutane ɗaya bayan ɗaya ana yafe wa juna. Ke kaɗai kika rage."

Inna Barira kakata ce, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifina, Sabo. Rabona da ita tun ƙaramar Sallah. Ranar na matsa mata ta biyo ni asibiti, ta ce ba inda za ta. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba shi da linzami, a gaban jama'a na ce, "To zauna, ciwon ya kashe ki a nan!" Na suri jakata na fice. Kullum sai in ce gobe zan je in ba ta haƙuri, har aka yi wata biyar.

Sai da motarmu ta kama hanyar Gwaram na ji harshena yana shafa haƙorana na gaba, sannan na tuna abin da na yi musu.

Wata biyu ke nan da na faɗo daga kan acaɓa, haƙorina ɗaya ya guntule. Wani likita a Kano ya ce zai kankare fuskar huɗun gaba, ya manna musu fallen tangaran, siriri kamar ɓawon ƙwai. Ya tambaye ni, "Wushiryar fa, Hajiya? A bar ta ko a rufe?" Na daɗe ina kallon matan cikin waya da haƙoransu jere reras, sai na ce a rufe. Ya ce in yi tunani, don abin da aka kankare ba ya dawowa. Na ce na gama tunani. Ji wauta!

Shekara biyu ke nan sunaye suna kuɓuce wa Inna. In na shiga ɗakinta sai ta ce, "Yi dariya in gani." In na yi, ta sa farcen ɗan yatsanta a tsakanin haƙorana ta ce, "Wushiryar Sabo. Kilima ce." Da wannan kaɗai take gane ni, amma ko sau ɗaya ban tuna ba a kan kujerar likitan.

Direba ya tsaya ɗaukar buhunan gero, na yi masa masifa har fasinjoji suka shiga ba ni baki. Tsoro ne fal cikina, kada in tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Da la'asar na isa, ba tabarmi. Gwaggo ta tare ni a tsakar gida, ina buɗe baki in gaishe ta ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Me kika yi wa bakinki?"

"Gwaggo, bari in gan ta tukuna."

Inna na kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zane. Na durƙusa na kama hannunta.

"Inna, ni ce Ikilima. Ki yafe mini abin da na faɗa miki."

Ta daɗe tana kallona. "Yi dariya in gani."

Na yi, hawaye na zuba.

"A'i, wace ce wannan?"

"Jikarki ce, Inna. 'Yar Sabo."

"'Yar Sabo da wushirya take. Kada ku maishe ni yarinya."

Na nuna mata tabon ƙunar murhu a gwiwata. Na tuna mata akuyarta mai baƙin kunne da na saki ta cinye waken maƙwabta. Ta juya fuska ga bango, ta ce duk garin nan wa bai san labarin akuyar ba.

Na fita bayan ɗaki da cokali, na sa bakinsa ina ɓamɓarar tangaran ɗin kamar mahaukaciya. Dasashina ya yi jini, abin ko motsi. Likitan nan ya iya aikinsa, Allah ya sani.

Gwaggo ta fizge cokalin. "Ke, ba ki da hankali? Buɗe bakin."

Ta ciro tandun kwalli daga lalitarta, ta goge mini haƙoran da gefen zane, ta ja baƙin layi siriri a tsakiyarsu. Ta ja da baya ta duba. "Ɗakin da duhu. Kada ki rufe baki, kada ki sa harshe."

Na koma da baki a buɗe. Gwaggo ta ce, "Inna, ga Kilima ta iso."

Inna ta juyo. Fuskarta ta saki, har na ga alamar murmushi. Ta ɗago hannu a hankali, ta kai farcenta inda ta saba kai shi. Farcen ya nemi hanya, ya zame. Ta sake gwadawa. Sannan ta kai yatsan kusa da idonta, ta ga baƙin kwalli.

Na jira faɗa, wallahi da ta yi da na ji sanyi. Sai kawai ta shafa kumatuna.

"Baiwar Allah, kin sha wahala don ki faranta mini. Daga ina kike?"

"Daga Birnin Kudu, Inna."

"To kin san jikata, mai shagon yadi. Ki ce mata na yafe mata tun ranar, ko kwana maganar ba ta yi a raina ba." Ta numfasa da ƙyar. "Amma ki ce ta daure ta zo. Ina so in ga Sabo sau ɗaya kafin in tafi."

Na riƙe hannunta da hannuwana biyu.

"Zan gaya mata, Inna."

Ta mai da idonta ƙofar ɗaki, ta ci gaba da jira.